Tun Yaushe Allura Ta Zama Kayan Mata?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni tela ne mai aikin hannu, ɗan tela, haifaffen Makka, mazaunin Jidda.

Kwanakin baya kun kawo rahoto a kan wasu masu zane na Turai da Amurka, maza, da suka ajiye fenti suka rungumi saƙa da ɗinki. Rahoton ya ce da allura da zare suke tambayar abin da ake nufi da zama namiji, kuma da dama daga cikinsu ba sa ɓoye cewa maza ne masu neman maza. Ba rahoton nake ƙorafi a kai ba, labarin duniya ne kuka kawo, aikinku ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanenmu suka karɓe shi. A majalisarmu ta bayan Isha'i wani ya karanta shi da ƙarfi daga waya, sai wani matashi, mai zurfin boko kuwa, ya ce, "To dama namijin da zai tanƙwashe ƙafa yana fure-fure da allura, me kuke tsammani?" Aka bushe da dariya. Ina zaune a wurin da furfurata da kantar allura a yatsa. Ba wanda ya juyo ya dube ni, don ba su ma tuna cewa har da ni ake ba.

Hukuncin addini a kan yadda waɗancan mutane suke tafiyar da rayuwarsu sananne ne, malamai sun faɗa, ni kuwa ba fatawa na zo bayarwa ba. Maganata a kan allura ce. Cewa allura kayan mata ce, duk namijin da ya riƙe ta sai a sa masa ayar tambaya, wannan ra'ayi ba na Bahaushe ba ne, ba na Balarabe ba ne, ba kuma na Musulunci ba ne. Aro muka yi, daga hannun Turawan da matashin nan yake ganin su yake yi wa dariya.

Duk wanda ya tashi a tsohon gari ya san yadda kakanninmu suka raba aikin tufa. Mace ce ke gurzar auduga, ta yi shiɓa, ta kaɗa zare da mazari, kuma mata suna da tasu saƙar ta gwado a cikin gida. Amma da zarar zare ya fita ƙofar gida, to ya shiga hannun maza. Masaƙi ya fitar da ƙwarya-ƙwarya, marini ya tsoma a karofi, a Ƙofar Mata ta Kano ko a Kura, masu bugu su buga har tufa ta ɗauki ido, maɗinki ya haɗa ƙwarya da ƙwarya ta zama riga. Sannan malami ya zo da tawada da alƙalamin kara, wanda yake rubuta allo da shi, ya zana aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, ya zana tambari a dama da kuma baya. Gardawa da malaman zaure su ne suka fi riƙe surfani, saboda sana'a ce da ake yi a zaune, hannu na aiki baki na tilawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Hannun maza ne ya ɗinke su. Rigar da sarki ke sawa ranar hawan daba, da wadda ake yafa wa mutum ranar naɗi, namiji ne ya zauna wata da watanni yana cin wuyanta.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, Bazazzagi ne. Ya fito aikin Hajji ta ƙasa a shekarun 1950, ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yau, ya ratsa Junaina da Fashir da Ubayyid, ya yi shekaru a Sudan wajen 'yan uwanmu na Mai Wurno kafin ya tara kuɗin tsallaka teku. Abokan tafiyarsa yawancinsu da tsintar auduga a gonakin Jazira ta Sudan suka tara nasu. Shi da allura ya tara. Ita ce ta ciyar da shi a hanya, ita ce ta yi masa aure a Makka, ita ce ta saya mini allo da litattafai. Na tashi ina ganinsa a kan buzu bayan sallar Asuba, riga a kan gwiwa, ya ja zaren tsamiya a jikin ɗan dunƙulen kakin zuma don kada ya yi gashi, ya huda tufa da basilla, ya zagaye hujin da zare, ya matsa gaba ya sake hudawa. Huji dubbai ne ke cika aljihun riga ɗaya, kuma in ɗaya ya fi ɗan uwansa girma, warware shi yake yi ko da ba wanda zai gani. In na kawo masa nawa aikin, ba ya duba fuskar. Juya shi yake yi ya dubi bayan, ya ce a nan ake gane malalaci. Mutum ne da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida kowa sai ya shiga taitayinsa. Har ya koma ga Allah ban ji wanda ya ce sana'arsa ta rage masa wani abu ba.

Mu bar ƙasar Hausa, mu dubi ƙasar da muke zaune. Rigar Ka'aba su wa ke ɗinka ta? Sarki Abdul'aziz ya kafa gidan ɗinkinta a Ajyad cikin Makka a 1927, aka koma Ummul Jud a 1977, kuma ma'aikata kusan 200 ne ke aikinta. Masu zama a bakin katako suna soka allura maza ne, wasu da gemu fari fat, wasu sun gaji wurin daga iyayensu. Alharini ɗaruruwan kilo ake rinawa baƙi, sannan zaren zinariya kilo 120 da na azurfa kilo 100, kamar yadda hukuma ta saba faɗa. Ɗamarar ayoyin da ke zagaye Ɗakin tsawonta mita 47. Da can ranar Arfa ake canja rigar, amma tun daga 2022 aka mayar da canjin ranar 1 ga Muharram.

A 2025, a bikin baje kolin fasahar Musulunci da aka yi a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, an rataye cikakkiyar rigar a wajen Makka, abin da ba a taɓa yi ba. Na je. A ɗawafi cunkoso ba ya barin mutum ya tsaya, amma a can na tsaya gab da ita, na ga abin da ido ba ya kamawa daga nesa. Harafin ba a kwance yake ba, tudu ne da shi. Da zaren auduga ake fara cika cikinsa, a jera shi bisa juna har ya yi doro, sannan a lulluɓe shi da zaren zinariya, sili kusa da sili, ba ka ganin ko ɗigon audugar da ke ƙasa. Inda harafi ya lanƙwasa, nan gwani ke nuna kansa, domin zaren ƙarfe ba ya son kwana. Na daɗe ina bin wutsiyar wani harafi da ido ina neman inda aka tsinke aka ɗora, ban samu ba. Wane Musulmi ne zai iya duban mai wannan aiki ya ce masa fure-fure yake yi?

Haka alkyabbar Larabawa, bishti, wadda mutanen Ahsa ta gabashin Saudiyya suka shahara da ita. Maza ne ke ɗora mata zari a wuya da hannu, a ƙarshe su bubbuga shi ya kwanta ya yi ƙyalli, kamar yadda masu bugu ke yi wa shadda. Ranar 18 ga Disamba 2022 Sarkin Katar ya yafa wa Messi irinta a gaban duniya kafin ya ɗaga kofi, kuma samarinmu masu kwana a kan ƙwallo sun tafa. Su kansu telolin da ke ɗinka mana jallabiya a kasuwannin Balad da Bab Sharif na nan Jidda, 'yan Pakistan da Indiya da Yaman, ai ba mata ba ne.

In kuma addini ake so a fake da shi, to Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa. Anas ya ruwaito cewa wani tela ya gayyace shi cin abinci ya kuma amsa, miyar ma har da kabewa, hadisin yana cikin Buhari. Malaman tafsiri sun ambaci Annabi Idrisu a matsayin farkon wanda ya yi ɗinki. Na san hadisin da ya tsine wa namiji mai kwaikwayon mata, ban manta da shi ba. Amma sai abu ya zama na mata kafin a ce an kwaikwaye su a kansa, allura kuwa ba ta taɓa zama tasu su kaɗai ba a wajenmu.

A Turai ne ta zama haka. Can ma da farko maza da mata ne ke sana'ar, daga baya aka mayar da ita aikin 'yan matan gidan masu hali, abin da budurwa ke yi a falo don a ga tana da tarbiyya, zanen fenti da sassaƙa kuma aka bar wa maza aka kira su fasaha. Har ta kai in an ga namiji da allura sai an nemi dalili. Sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na farko an koya musu surfani a gadon asibiti don hannu ya warware zuciya ta kwanta, har suka yi wa babban cocin Saint Paul na Landan wani ƙyalle da ke nan har yau, amma uzurinsu shi ne majinyata ne. To a ƙasar da abin yake haka, namiji ya ɗauki allura ya shiga gidan baje koli, ya riga ya faɗi magana tun bai soka ta ba. Abin da masu zanen cikin rahotonku ke yi ke nan. Da mutanensu suke magana, a kan iyakar da mutanensu suka shata.

Tun da na karanta rahoton na sa jikana ya nemo mini wasu ayyukan a intanet, domin tela ba ya yanke hukunci a kan ɗinkin da bai gani ba. Akwai wani baƙar fata ɗan Texas, Diedrick Brackens, haifaffen 1989, masaƙi ne na gaske mai zama a kan masaƙa. Auduga yake rinawa da kansa, saboda tarihin kakanninsa bayi a gonakin auduga, ya saƙa inuwar mutane baƙaƙe a kan launuka, kuma ya ɗauki wani abu daga saƙar ƙwarya-ƙwarya ta Afirka ta Yamma. Abin da ya ba ni mamaki ke nan. Shi daga Amurka yana waiwayen masaƙanmu, mu kuma muna nan muna yi wa jikokin masaƙan dariya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne babban bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe a Amurka. Wani mai suna Cleve Jones ne ya fara shi a San Francisco, lokacin da cutar ke ɗibar abokansa, wasu ma danginsu sun guje su. Kowane mamaci aka ɗinka masa ƙyalle ɗaya mai ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 6 a tsawo, wato kimanin girman kabari, da sunansa a kai, wani a haɗa da guntun rigarsa. Da aka fara shimfiɗa shi a Washington a watan Oktoba 1987, ƙyalle 1,920 ne. Yau sun kai kusan 50,000. Iyaye mata sun ɗinka, ƙanne sun ɗinka, maza da ba su taɓa zura zare a allura ba sun ɗinka, kuma ana gani, ɗinkin wasu a karkace yake. Ban san waɗannan mutane ba, hanyarsu ba tawa ba ce, hisabinsu yana wajen Wanda Ya halicce su. Amma na sha yanka likkafani, kuma na san abin da ke sa mutum ya zauna ya ɗinka sunan ɗansa da ya rasu. Wannan ba abin dariya ba ne a majalisa.

Ta ina ra'ayin Turawa ya shigo mana? Ta makarantar boko, a ganina. A can ne aka fara raba aji, 'yan mata su tafi ɗinki da girki, maza su tafi gona ko aikin katako. Yaron da ya tashi a haka, ya girma da finafinai da waya, ba zai san cewa kakansa da allura ya je Makka ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mu a Jidda mun san 'yan daudu ba a labari ba, shekara da shekaru suna cikin masu sayar da abinci ga alhazai da mazauna. Abin da Bahaushe ya sani a kansu shi ne karya murya da rangwaɗa da sana'ar tuwo. Ban taɓa jin wani dattijo ya haɗa daudanci da cin wuyan riga ba. Ko su ɗin ma, ban ga ladan da ake samu a zaginsu ba, amma wannan wata magana ce.

Da abin ya tsaya a dariyar majalisa da ban ɓata muku takarda ba. Akwai wani yaro ɗan maƙwabtanmu, bai wuce shekara goma sha biyar ba, da yake zuwa shagona bayan makaranta. Hannu ne da shi irin wanda ba a koyarwa. In na zana masa dagi, kafin in waiwayo ya gane ta inda zare zai shiga ƙarƙashin ɗan uwansa. Wata rana abokansa suka ɗauke shi a waya yana sunkuye a kan hula, suka ɗora masa waƙa, suka yaɗa a tsakaninsu da sunan da ba zan rubuta ba. Bayan kwana biyu ubansa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, yaron nan zai dakata haka nan."

Na ce, "Ɗana, laifi ya yi?"

Ya ce, "Ko ɗaya, Baba. Maganar mutane ce. Uwarsa ta kasa shiga cikin mata."

Na ce masa hular da ke kansa ai ni na ɗinka ta. Ya taɓa ta, ya yi murmushin kunya, ya ce, "Ku ai naku zamanin daban ne." Yanzu yaron yana can yana dakon kaya a kasuwa. In ya hango ni sai ya sauya hanya, kuma hular da ya fara tana cikin akwatina da rabin aiki.

Na san ba gori kaɗai ke kashe sana'ar ba. Keken surfani ya fara rage mu, na kwamfuta ya zo ya ƙarasa: abin da ke cin wata uku a hannu, inji ya gama shi kafin a kira La'asar, a sayar a kashi ɗaya cikin goma na kuɗin. Alhaji ya shigo shago ya shafa aikin hannu, ya yaba, ya ji farashi, ya saya na inji. Rushe-rushen tsofaffin unguwannin Jidda na 2022 kuma ya warwatsa mu, masu kawo mini aiki daga Sabil da Karantina da Gulail kowa ya kama gabansa. Amma tsada ba ta hana sana'a samun magaji, don aikin hannu yana da masu nemansa ko sun yi kaɗan. Gori shi ke hana yaro zama ya koya tun farko.

A Zariya, tun da maza suka ja baya, mata ne suka karɓi surfanin babbar riga, har suka kafa ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina a 1994, aikinsu yana fita ƙasashen waje. Allah Ya saka musu, ba don su ba da wasu zane-zanen sun bi masu su kabari. Na ga aikinsu a hannun alhazai, na juya bayansa, ban sami abin cewa ba. Sai dai kada nan gaba a dubi wannan a ce ai dama tun asali nasu ne, a ƙara korar yaran maza da shi. A Mali kuma akwai dattijo Abdoulaye Konaté, haifaffen 1953, da yake yanka shadda siri-siri yana jera ta bango guda, aikinsa ya je babban baje kolin Venice a 2017. Da shaddar da muke zubar da guntayenta a ƙasan keke yake yin wannan.

Roƙona gare ku, Malam Edita, tunda kun iya kawo mana labarin masu allura na Amurka, ku tura ɗan rahotonku cikin birnin Zariya da kasuwar Kurmi da Bida, ya nemo tsofaffin da suka rage, ya zauna da su. Ku buga hotunansu suna aiki, da sunan kowane zane a ƙarƙashinsa, aska takwas da tambari da linzami da 'yar Dikwa, don yaran yanzu su gani da idonsu. Saudiyya ta ware shekarar 2025 sukutum don sana'o'in hannu, ku tambayi gwamnoninmu na Arewa ko suna da irin wannan niyya. Ni kuma a nan Jidda, duk uban da yake so ɗansa ya koya, ya kawo shi bayan La'asar, ba na karɓar ko riyal ɗaya, zare da allura ma nawa ne. Lambata tana hannun Edita.

Wassalam.

Naku,
Wani tela mai aikin hannu,
Jidda, Saudiyya.